Katako, Ƙarfe ko Alminiyam: Yadda Ake Zaɓen Ƙwarangwal Ɗin Ɗakin Shuka Mai Rufin Polikabonet

Fallen polikabonet, wato roba mai ƙarfi da haske ke ratsawa wadda ake rufi da ita, yana ruɗar mai saye. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya ka ji ba nauyi, sai zuciyarka ta raya maka cewa ko 'yan sanduna huɗu aka kafa za su riƙe shi. Mai kaurin milimita 6, irin mai bango biyu da ramuka a tsakiya, nauyinsa bai wuce kilo 1.3 a kowane murabba'in mita ba. Rufin ɗakin shuka mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 gaba ɗayansa da ƙyar yake kai nauyin mutum ɗaya. To amma ba nauyin rufi ne ke kayar da ɗakin shuka ba. Iska ce, da danshi, da kuma motsin da shi kansa fallen yake yi dare da rana. Waɗannan ukun su ne za su zaɓa maka kayan ƙwarangwal, ba sha'awarka ba, ba kuma abin da ka tarar a jingine a bayan gida ba.

Mutane da yawa sukan gama kafa firam, wato ƙwarangwal ɗin ɗakin, tukuna, sannan su tafi neman fallen da zai hau kansa. Ni kam shawarata ita ce a juya wannan tsari.

Mataki na farko: fara da fallen, ka bar firam tukuna

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka tsayar da irin fallen da za ka yi amfani da shi: kaurinsa, faɗinsa, da tsawonsa. Wanda aka fi samu a ƙasashen da ke awo da mita yana da faɗin mita 2.1 da tsawon mita 6 ko 12. A Amurka kuma an fi yin mai faɗin ƙafa 4 ko 6. Wannan faɗin shi ne zai faɗa maka tazarar da za ka bari tsakanin haƙarƙarin ɗakin, wato sandunan da ke tashi daga ƙasa zuwa ƙololuwa, domin dole gefen kowane falle ya sauka a kan sanda. Gefen da ya rataya a sarari, nan iska za ta fara sa hannu.

Idan za ka haɗa fallayen da ƙarfen haɗi mai siffar H, faɗin mita 2.1 zai rabu gida biyu ya ba ka tazarar kusan santimita 105, ko gida uku ya ba ka kusan 70, sai ka ƙara 'yar ratar da ƙarfen haɗin ke ci. Idan kuma ɗora gefen wani a kan wani za ka yi da santimita 10, faɗin da ya rage maka mita 2 ne cif, tazararka ta zama mita 1, ko santimita 67, ko 50. Falle mai milimita 4 ba ya son tazarar da ta wuce santimita 70. Mai milimita 6 ko 8 yana jure mita 1 a inda iska ba ta da tsanani kuma dusar ƙanƙara ba ta sauka, muddin akwai tanka, wato sandunan kwance da ke ratsa haƙarƙarin. Kowane kamfani yana da takardar da ke nuna tazarar da fallensa ke ɗauka gwargwadon nauyi. Ka nemi wannan takarda, ita ce alƙali idan an yi saɓani da abin da na faɗa.

Abu na biyu da fallen zai yanke maka shi ne siffar ɗakin. Polikabonet yana lanƙwasuwa ba tare da an gasa shi ba, amma yana da iyaka. Ƙa'idar da yawancin masu yin sa ke bayarwa ita ce a ninka kaurinsa sau 175, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin nisa daga tsakiyar bakan zuwa jikinsa. Mai milimita 4 yana buƙatar santimita 70, mai 6 yana buƙatar 105, mai 8 kuma 140, mai 10 sai 175. Ɗaki mai faɗin mita 3 da aka yi wa rufin rabin da'ira, nisansa santimita 150 ne. Ka ga ke nan mai milimita 8 zai hau, mai 10 ba zai hau ba sai an tilasta masa, kuma wanda aka tilasta wa yakan tsage bayan wani lokaci. Akwai wani daɗin lissafi a nan: falle mai tsawon mita 6 idan aka lanƙwasa shi a kan faɗin mita 3, yana rufe ɗakin daga ƙasa zuwa ƙasa, tsayin ya kai kusan mita 2.1, ba yanka ba saura. Shi ya sa kake yawan ganin wannan girman.

Idan rufi mai siffar baka kake so, ka riga ka karkata zuwa bututun ƙarfe. Idan rufi mai gangare biyu kake so, ko mai gangare ɗaya da ya jingina da bango, katako da alminiyam sun shigo cikin lissafi. Ko wanne ne, gangaren kada ya gaza digiri 5, gara ma ya kai 10, kuma ramukan cikin fallen su bi gangaren daga sama zuwa ƙasa domin gumin da ya taru a ciki ya sami hanyar fita.

Mataki na biyu: san abin da zai danne shi da abin da zai ɗaga shi

Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana matsa kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kusan kilo 48. Bango mai tsawon mita 6 da tsayin mita 2 murabba'i 12 ne, wato ana maganar sama da rabin tan ke nan a kan gefe ɗaya. Kuma ƙarfin ba ya ƙaruwa daidai da gudun: idan gudun iska ya ninka biyu, matsinta ninkawa huɗu yake yi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne iskar da ke ratsa saman rufi tana tsotsarsa sama, idan kuma ta sami ƙofa a buɗe ta shiga, sai ta tura daga ciki. Ɗaki marar nauyi ba rushewa yake yi ba, tashi yake yi.

A inda dusar ƙanƙara ke zuba, nauyin daga sama yake zuwa. Santimita 30 na jiƙaƙƙiyar dusa na iya kai kilo 90 a kowane murabba'in mita, kuma polikabonet mai bango biyu yana riƙe ɗumi sosai har dusar ba ta saurin narkewa ta zame kamar yadda take yi a kan gilashi. Sai nauyi na uku da kusan kowa ke mantawa da shi: shukar da za ka ɗaure wa igiya ta hau. Tumatir da kokwamba idan sun yi 'ya'ya, akan ƙiyasta musu kimanin kilo 15 a kowane murabba'in mita, kuma duk a wuyan firam yake.

Ka rubuta waɗannan a takarda. Wurinka fili ne fetal ko akwai abin da ke kare iska? Dusa na sauka? Akwai gara a ƙasar? Kana kusa da teku, inda gishirin iska ke cin ƙarfe? Amsoshin nan su za ka riƙe a hannu yayin duba kayan.

Mataki na uku: auna kayan ɗaya bayan ɗaya

Abin da za ka fi lura da shi ba wai ko sandar za ta karye ba ne, a'a, ko za ta lanƙwashe. Sandar da ta lotsa da santimita kaɗan ba ta karye ba, amma ta isa ta sa gefen falle ya zame daga mariƙinsa, daga nan iska ta ƙarasa aikin. A wajen ƙin lanƙwasa, ƙarfe ya ninka alminiyam sau 3, ya ninka katako kusan sau 20, ya ninka robar PVC fiye da sau 60, idan siffa da girma ɗaya ne. Sai dai siffa da girma ba sa zama ɗaya, kuma a nan dabara take.

*Bututun ƙarfe mai rufin zinki.* Zinki shi ne sinadarin da ake lulluɓe ƙarfe da shi don hana tsatsa. Wannan shi ne zaɓina ga duk ɗakin da faɗinsa ya kai mita 3 zuwa sama, da kuma duk mai siffar baka. Ka nemi mai kusurwa huɗu, ba mai zagaye ba. Falle yana kwanciya lafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar fuska, sukuru kuma yana shiga a miƙe, alhali a kan mai zagaye bakin sukurun zamewa yake yi, ya tafi a karkace ya huda fallen inda ba a so.

Kaurin bangon bututun kada ya gaza milimita 1.5. Wanda ya gaza haka ba ya ba sukuru naman da zai kama, kuma tsatsa ba ta daɗewa ta huda shi. Kada ka yarda da abin da aka faɗa maka da baki, ka sa ma'auni a bakin bututun ka gani da idonka. Game da girma kuwa, ga lissafin da ya cancanci a tsaya a kansa. Bututu mai 20 da 20 shi ne wanda aka fi gani a ƙananan ɗakunan da ake sayarwa a haɗe. Mai 40 da 20, da kaurin bango iri ɗaya, nauyinsa ninki ɗaya da rabi ne kawai na wancan, amma idan ka tsayar da shi a kan siririn gefensa ya fi wancan ƙin lanƙwasa fiye da sau 5. Idan ka kwantar da shi a kan faffaɗan gefen, ka zubar da kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi. Ƙarfe ɗaya, kuɗi ɗaya, bambancin kawai yadda aka juya shi. Zurfin sanda ya fi kaurinta muhimmanci, kuma wannan gaskiya ce ga kowane irin kaya.

Rufin zinkin ma iri-iri ne, kuma duk sunansu ɗaya a bakin mai sayarwa. Mafi inganci shi ne wanda aka tsoma ƙarfen bayan an gama ƙera shi a cikin narkakken zinki mai zafin kusan digiri 450. Wannan yana rufe ciki da waje, kaurinsa a irin bututun nan yakan kai maikuron 50 ko fiye (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), launinsa toka-toka ne, ba ya ƙyalli sosai, jikinsa da ɗan kaushi. Na biye da shi shi ne bututun da aka naɗe daga fallen da aka riga aka yi wa zinki, kamar mai lambar Z275, wanda ke da kusan maikuron 20 a kowace fuska. Yana aiki, sai dai layin ɗinkinsa ne wurin rauninsa. Na ƙarshe shi ne mai ƙyalli kamar madubi, wanda aka shafa wa zinki da lantarki. Rufinsa siriri ne ƙwarai, an yi shi don cikin gida, ba don wurin da gumi ke ɗiga kowace safiya ba. Ka leƙa cikin bututun da tocila. Idan cikin baƙi ne, tsatsa daga nan za ta fara, kana kallon waje tas.

Walda tana ƙone zinkin da ke kewaye da wurin, kuma hayaƙin da take tayarwa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki ga wanda ya shaƙa. Idan walda ta zama dole, a kankare zinkin wurin tukuna, a yi ta a fili inda iska ke kaɗawa, bayan an gama a goge a shafa fenti mai yawan zinki sau biyu. Ni na fi son haɗi da noti da maƙalai, domin ba ya taɓa rufin, kuma ranar da kake son ƙara tsawon ɗakin ko sauya masa wuri sai ka kwance abinka. Duk inda ka yanka ko ka huda, ka shafa wannan fenti. Ka toshe saman bututu, ka bar ƙaramar huda a ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. Ruwan da ya kwanta a ciki yana ci, a ƙasar sanyi kuma idan ya daskare yana fasa bututun.

Baƙin ƙarfe wanda ba shi da zinki fa? Yana yiwuwa, amma ka san ka ɗauki aikin fenti na din-din-din, kuma fuskar da ke ƙarƙashin falle, wadda ta fi kowace jiƙewa, ita ce ba za ka iya kaiwa gare ta ba sai ka kwance rufin.

*Katako.* Ina ganin an raina katako fiye da kima. Tubaifo, wato katako mai inci 2 da 4, da aka tsayar a kan gefensa ya fi bututun 40 da 20 ɗin nan ƙin lanƙwasa, ana yanka shi da zarto, ana ɗaure shi da sukuru, kuma duk abin da ka ga dama ka rataya daga baya, kanta ko igiya ko fitila, sai ka kafa kawai. Ba ya kuma ɗaukar zafi ko sanyi ya ratsa da shi: ƙarfe ya fi shi saurin isar da zafi sau ɗaruruwa, alminiyam kuma fiye da sau dubu. Ga wanda ke ƙasar sanyi yana ɗumama ɗakinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya iya aikin kafinta kuma ɗakinsa mai gangare ne, babu laifi ko kaɗan ya tsaya a nan.

Aibinsa biyu ne. Na farko inuwa: sanda mai faɗin santimita 5 a kowane santimita 70 tana tare kusan kashi 7 cikin ɗari na haske tun rana tana tsaka, idan ta karkata kuma zurfin sandar ya ƙara tarewa. Fenti fari yana rage wannan asara domin yana mayar da haske kan shuka. Na biyu ruɓewa. Fumfunar da ke cin katako tana samun wurin zama ne idan danshin cikinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, ɗakin shuka kuwa gidan danshi ne. Saboda haka ko dai ka sami itacen da Allah ya yi shi da juriya, irin su jan sida, tik, iroko, da zuciyar oak, ko kuma wanda aka dura wa magani da matsi a masana'anta. Ka lura, juriyar tana cikin zuciyar itacen ne, farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo yana ruɓewa ko na wane itace ne. Maganin da aka shafa da buroshi kuma fatar kawai yake shiga.

Maganin katako yana da nasa sharuɗɗa. Tsohon nau'in nan CCA mai ɗauke da sinadarin asenik an daina sa shi a katakon gidaje a Amurka daga ƙarshen 2003, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a 2004, don haka tsohon katako mai kore-kore da ba ka san asalinsa ba, kada ka kai shi kusa da abin da za a ci. Katakon da aka jiƙa da kiriyosot, kamar tsofaffin katakan layin dogo da turakun waya, tururinsa yana ƙona ganye a rufaffen wuri. Magungunan yanzu irin su ACQ jan ƙarfe ne ya yi yawa a cikinsu, shi kuma jan ƙarfe idan ya haɗu da danshi yana cin sukurun ƙarfe na yau da kullum, yana cin alminiyam. Da irin wannan katako sai sukurun sitenles, wato ƙarfe marar tsatsa, ko wanda aka tsoma a zinki, kuma kada alminiyam ya taɓa shi kai tsaye, a sa roba a tsakani. Duk inda ka yanka, ka sake jiƙa bakin da magani, domin ta baki katako ke shan ruwa. Ka sayi busasshe, ka daidaita idonka da tsawonsa ka ga ko a miƙe yake, ka ajiye mai manyan ƙulli a gefe. Ɗanyen katako yana murɗewa yayin bushewa, ya ja fallen tare da shi.

A wurin da gara take da ƙarfi, ba na ba kowa shawarar ya sa katako a ƙasa, ko da mai magani ne. A ɗora shi a kan bulo ko kankare, da tazarar da ido zai iya ganin hanyar gara idan ta fara hawa.

*Alminiyam.* Ba ya tsatsa, ba ya son fenti, nauyinsa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe, kuma sandunan da aka yi musamman don polikabonet suna zuwa da ramin da falle zai zauna da murfin da zai danne shi ba tare da an huda shi ba. Nau'in 6063 shi ne aka saba yin irin waɗannan sanduna da shi, 6061 kuma ya fi shi ƙarfi. Matsalarsa ita ce laushi: kafin ya yi aikin ƙarfe sai an ƙara masa zurfi, ga tsada, waldarsa tana son na'ura ta daban kuma tana raunana wurin da aka yi ta. Ɗanyen siminti yana cinsa, don haka duk inda zai taɓa kankare a shafa masa fentin kwalta ko a sa roba. A ganina wurinsa shi ne ƙofa, taga, da murfin da ke danne fallaye, ba ginshiƙi ba. Kusa da teku ne kawai zan ce a yi tunanin yin duka ɗakin da shi.

*Bututun PVC da gora.* Bututun ruwa na roba ya dace da rumfar leda ta kaka ɗaya. Ƙarƙashin polikabonet kuwa bai dace ba. Yana laushi idan ya sha zafi, rana tana busar da shi ya riƙa karyewa, sukuru ba ya zama a jikinsa, kuma ba daidai ba ne ka ɗora rufin da ake ba shi garantin shekara 10 a kan abin da ba zai kai rabin haka ba. Gora tana da ƙarfi na mamaki, amma ba ta miƙe sosai ba, kaurinta ba ɗaya ba ne, tana tsagewa idan sukuru ya shige ta. Ka bar ta wa shukar da ke ciki ta hau.

Mataki na huɗu: bar wa fallen wurin numfashi

Wannan shi ne abin da ya raba polikabonet da kwano ko gilashi, kuma shi ne inda na fi ganin aiki mai kyau ya lalace. Kowace mita ta falle tana miƙewa da milimita 0.065 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ƙaramin abu ne a ido, amma falle mai mita 6 da ya ga bambancin digiri 40 tsakanin daren sanyi da tsakar ranar zafi yana motsi da kusan milimita 16. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa milimita 3 kawai zai motsa, alminiyam 5 da rabi, katako ma bai kai ƙarfe ba. Ratar nan dole ta sami inda za ta je. Idan ba ta samu ba, fallen ya kumbura da rana, ya ja da dare, yana ƙara kamar ana taka busasshen kara, har wata rana tsaga ta fito daga bakin huda.

Ma'anar wannan ga firam ita ce fuskar sandar da fallaye biyu za su haɗu a kanta tana buƙatar faɗi. Kowane gefe yana son ya zauna da kimanin santimita 2, ga rata a tsakani, shi ya sa katako mai santimita 5 ko sandar alminiyam mai murfi suka fi sauƙi a wurin haɗi. A kan siririn bututu sai dai ɗora gefe kan gefe ko ƙarfen haɗi. Ka bar milimita 3 na sarari ga kowace mita ta falle, a tsawo da faɗi. Hudar sukuru ta fi jikin sukurun faɗi da milimita 2 zuwa 3, a huda ta da diril tukuna, nesa da baki da aƙalla santimita 4. Sukurun ya zama mai faffaɗar washa da robar EPDM (roba mai jure rana da ruwa) a ƙasa, a ɗaure shi har robar ta zauna, a tsaya. Idan ka ga fallen ya lotsa kewaye da washar, ka wuce gona da iri, ka sassauta.

Polikabonet yana jure duka, har ana yin garkuwar 'yan kwantar da tarzoma da shi, amma wasu sinadarai suna tsaga shi a hankali. Robar PVC mai laushi tana fitar da mai da ke yin haka, don haka washa ko shimfiɗar da ba ka tabbatar da irinta ba, ka bar ta. Silikon mai warin tsami ma haka, sai wanda aka rubuta cewa ya dace da polikabonet. Fenti da maganin katako su bushe sarai kafin falle ya hau. Sannan fuskar sandar da ke kallon sama ta zama fara ko mai haske. Baƙar sanda tana gasa layin fallen da ke kanta fiye da sauran jikinsa. Siririn tef na EPDM a kan kowace sanda yana raba su, yana kuma rage ƙara.

Mataki na biyar: ƙafa, kusurwa, da tagogi

Idan ka bi ɗakunan shuka da suka faɗi, da wuya ka tarar sandar ce ta karye a tsakiya. Ko dai ƙafar ta ruɓe, ko haɗin ya saki, ko kuma ba a ɗaure ɗakin da ƙasa ba. Saboda haka, ko wane kaya ka zaɓa, mafi ingancinsa ya tafi ƙasa. Layin bulo ko kankare da ya ɗaga firam santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, da shimfiɗar hana danshi a kansa, yana ƙara wa katako da ƙarfe shekaru masu yawa. A dasa noti a cikin kankaren tun yana ɗanye a kowace mita ko makamancin haka. Idan ba za ka yi fandisho ba, kowane haƙarƙari ya sami turken da ya nutse aƙalla rabin mita, mai gicciye ko murɗi a ƙasansa yadda ba zai zaro ba. A ƙasar da ƙasa ke daskarewa, tushen ya wuce zurfin da sanyi ke kaiwa. Taki da takin zamani kada su jingina da ƙafar ƙarfe, suna cin zinki.

Kada ka dogara da fallen ya riƙe maka ɗakin a miƙe. Tunda ka bar masa wurin motsi, ba zai tokare komai ba. Siffa mai kusurwa huɗu tana karkacewa, mai kusurwa uku ba ta yi, don haka kowane bango da kowane gefen rufi ya sami tokara a gicciye, musamman a tazara ta farko da ta ƙarshe. Siririn ƙarfe ko waya mai noti na ɗaurewa sun isa, kuma ba sa tare haske.

Tagogi kuma tun a zane ake sa su, domin kowace taga tana buƙatar sandunan da za su kewaye ta. Ɗakin polikabonet yana zafi da sauri fiye da yadda sabon mai shi ke zato, kuma abin da aka saba ba da shawara shi ne buɗaɗɗen wurin iska a rufi ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na faɗin daɓen. A ƙasa mai zafi har gefuna ake buɗewa. Firam ɗin taga ya zama marar nauyi, musamman idan za ka sa mabuɗin nan mai kakin da ke kumbura da zafi ya ɗaga ta da kansa, domin 'yan kilo kaɗan yake iya ɗagawa.

Mataki na shida: yanke shawara, sannan ka gwada kafin ka rufe

Ba dole ba ne kaya ɗaya ya yi komai. Haɗin da na fi natsuwa da shi ga mai gini da hannunsa shi ne tushe na bulo ko kankare, haƙarƙari da tanka na bututu mai zinki, bangon gaba da na baya na katako saboda sauƙin rataya ƙofa, sai murfi da tagogi na alminiyam, da roba a duk inda kaya biyu mabambanta suka haɗu. Wanda ba shi da injin lanƙwasa bututu kuma bai sami mai yi masa ba, ya yi mai gangare biyu da katako zalla, ya ƙara kula da ƙafa. Idan za ka lanƙwasa bututu, ka zana bakan a daɓe ka auna kowane ɗaya a kansa, domin wanda ya fi 'yan'uwansa tudu da santimita 2 zai bayyana a jikin rufin. Idan kuma kuɗi ya gaza, ka rage tsawon ɗakin, kada ka rage kaurin sanda ko ka faɗaɗa tazara. Ana iya ƙara tsawo baɗi.

Bayan ka kafa, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. Awon biyu su zo daidai, in ba haka ba fallen, wanda kusurwoyinsa a daidaice suke, ba zai bi sandunan ba. Ka ja igiya a kan haƙarƙarin ka ga ko duk suna taɓa ta. Ka kama bangon gaba ka girgiza da ƙarfinka: idan ɗakin ya yi rawa, tokara ta yi kaɗan. Ka rataya bokitin ruwa mai lita 20 a tsakiyar tanka ka duba ko ta lotsa har ido ya gani. Ka bi da tafin hannu a kan duk fuskar da falle zai kwanta, ka goge kan noti ko tabon walda da ya fito.

Ranar rufi ka zaɓi wadda iska ta kwanta, ku zama aƙalla mutum biyu. Fuskar da ke da kariyar rana ita ce mai rubutu a jikin ledarta, ita za ta kalli sama, kuma ka yi mata alama a gefe kafin ka ɓare ledar domin bayan nan ba a bambance su da ido. Bakin ramukan na sama a like shi da tef na alminiyam, na ƙasa da tef mai numfashi wanda ke fitar da gumi ya hana ƙura da ƙwari shiga, sannan a sa musu murfi mai siffar U da 'yan hudoji a na ƙasan. Bayan iska mai ƙarfi ta farko, ka zagaya da sifana ka sake duba kowane noti na tushe da na tokara.